Ƙaiƙayin Gaba Da Farin Ruwa Ga Mai Juna Biyu: Abin Da Ke Kawo Su Da Yadda Ake Magance Su

Ƙaiƙayin gaba da fitar farin ruwa suna daga cikin matsalolin da suka fi addabar mata masu juna biyu, amma kuma suna daga cikin waɗanda aka fi ɓoyewa. A ɗakin awon ciki mace za ta faɗi ciwon baya da kumburin ƙafa da ƙwannafi ba tare da wata fargaba ba, amma da an zo kan wannan sai ta sunkuyar da kai. Wadda ta daure ta yi magana takan taƙaita ne da cewa, "Sista, ina da sanyi." Da yawa kuma kafin su iso asibiti sun riga sun sha kafso daga kemis, sun yi matsi, sun zauna cikin ruwan magani, har abin ya ƙara ta'azzara.

Kalmar "sanyi" a bakin mata ta haɗa cututtuka daban-daban, waɗanda musabbabinsu da maganinsu ba ɗaya ba ne. A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan guda ɗaya daga cikinsu, wadda ta fi yawa ga masu ciki, wato cutar kandida. Za mu ga abin da ke kawo ta, da waɗanda ta fi kamawa, da kuma dalilin da ya sa bai kamata a sha mata magani da ka ba.

MECE CE KANDIDA?

Kandida wata 'yar ƙanƙanuwar halitta ce da ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Dangin yis ce, irin wanda ake kwaɓa burodi da fanke da shi, kuma tana da dangantaka ta nesa da abubuwan da ke haddasa makero da ƙyasbi a fata. Nau'inta da ya fi kawo matsala shi ne wanda likitoci ke kira kandida albikans.

Abin da ya kamata uwargida ta fara sani shi ne, wannan halitta ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Tana zaune a baki da hanji da fata, kuma kimanin mace 1 cikin kowace 5 tana ɗauke da ita a gabanta ba tare da wata damuwa ba. Abin da ke hana ta yin ɓarna shi ne garkuwar jiki, da kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a gaban mace, dangin waɗanda ke mayar da madara ta zama kindirmo. Su ne ke cike wurin, suna hana sauran ƙwayoyi sakewa. Idan wani abu ya rage yawansu, ko ya raunana garkuwar jiki, ko ya ƙara wa kandida abinci, sai ta hayayyafa fiye da kima, daga nan sai ƙaiƙayi ya fara.

Cutar tana da yawa ƙwarai. An ƙiyasta cewa mata 3 cikin kowane 4 za su gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Saboda haka wadda ta same ta kada ta ɗauka ita kaɗai ce, ko kuma ƙazanta ce ta jawo mata.

ME YA SA TA FI KAMA MASU CIKI?

Daga lokacin da ciki ya shiga, wani sinadari na jikin mace da ake kira istirojin yana ƙaruwa sosai, kuma yana ci gaba da hauhawa har zuwa haihuwa. Wannan sinadari yana sa fatar cikin farji ta yi kauri, ta tara wani nau'in sitaci wanda ke narkewa ya koma sukari. Sukari kuwa shi ne abincin kandida. Haka nan sinadarin yana sauƙaƙa mata mannewa a jikin fatar.

Na biyu, garkuwar jikin mai ciki takan ɗan sauya yanayin aikinta domin jiki ya karɓi jaririn da ke mahaifa. Na uku, ruwan da ke fita ta gaba yana ƙaruwa, ga zufa, ga nauyin ciki, sai wurin ya kasance cikin ɗumi da damshi a kodayaushe. Waɗannan abubuwa uku idan suka haɗu, kandida ta sami wurin zama. Shi ya sa matsalar ta fi yawa daga wata na huɗu zuwa sama, musamman a watanni ukun ƙarshe, kuma shi ya sa takan daɗe kafin ta ji magani, ko ta tafi ta dawo. Bayan haihuwa, da sinadarin ya sauka, yawancin mata sukan sami sauƙi.

ALAMOMINTA

Babbar alama ita ce ƙaiƙayi mai tsanani a bakin gaba da kewayensa, wanda kan ƙaru da dare har ya hana barci. Sauran alamomin sun haɗa da:

1. Fitar farin abu mai kauri, gudaji-gudaji kamar dunƙulen kindirmo ko murmushin awara, wanda ba shi da wari mai ƙarfi.
2. Wurin ya yi ja, ya ɗan kumbura, wani lokaci fatar ta tsattsage saboda susa.
3. Raɗaɗi idan fitsari ya taɓa fatar waje.
4. Zafi lokacin saduwa da maigida.

A lura da cewa kowace mai ciki tana ganin ƙarin ruwa fiye da yadda ta saba. Idan ruwan fari ne mai tsarwa-tsarwa kamar madara, babu ƙaiƙayi, babu wari, babu zafi, to wannan na ciki ne kawai, ba ya bukatar magani.

ABUBUWAN DA KE ƘARA HAƊARIN KAMUWA

Ciwon suga. Wannan shi ne abu na farko da muke dubawa idan mace tana yawan dawowa da ƙaiƙayi. Idan sukari ya yi yawa a jini, yakan yi yawa a fitsari da ruwan gaba, kuma yana rage ƙarfin garkuwar jiki. Akwai nau'in ciwon suga da ke zuwa da ciki, wanda mace ba ta da shi a da, kuma sau da yawa ba ya nuna wata alama. Ana gwada shi ne tsakanin mako na 24 zuwa na 28, ko kafin haka ga wadda ake zargi. Wadda ke da ƙiba sosai, ko akwai mai ciwon suga cikin iyayenta ko 'yan'uwanta, ko ta taɓa haihuwar jaririn da ya kai kilo 4 ko fiye, ko ta taɓa haihuwar ɗa ba rai ba tare da an san dalili ba, ya kamata ta sanar da ungozoma tun ranar da ta buɗe kati. Ƙaiƙayin da ake rainawa wani lokaci shi ne ke tona asirin ciwon suga, wanda idan ba a gano shi ba zai iya jawo wahalar naƙuda da matsala ga jariri.

Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai. Magungunan antibayotik irin su amoksisilin da Ampiclox ba sa bambance ƙwayoyi masu cutarwa da masu amfani, duk tare suke kashewa. Ita kuwa kandida ba sa yi mata komai, domin ba irinta aka yi su dominta ba. Sai ka ga mace ta sha maganin "taifot" ko na mura, bayan kwana biyar ƙaiƙayi ya taso. Daga nan sai ta koma kemis ta ce sanyi, a sake ba ta wani antibayotik ɗin. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura ke nan. Bugu da ƙari, wasu daga cikin waɗannan magunguna ba su dace da mai ciki ba sam, misali tetirasaikilin, wanda ke iya ɓata launin haƙoran jariri. Idan likita ne ya rubuta miki antibayotik saboda wata lalura, kamar ciwon mafitsara, to ki shanye shi yadda aka ce. In ƙaiƙayi ya biyo baya, sai ki dawo ki faɗa.

Wanke cikin gaba da matse-matse. Cikin farji yana tsaftace kansa da kansa. Tura yatsa da sabulu, ko tsarki da Dettol, ko ruwan kanwa, ko alif, ko bagaruwa, duk suna kashe ƙwayoyin nan masu amfani, suna kuma ƙona fata mai laushi. Haka nan miski da turaren tsuguno da nau'o'in matsi da ake sayarwa da sunan gyaran jiki. Da yawa daga cikinsu ana haɗa su ne da zuma ko sukari ko mazarƙwaila, kuma babu wanda ya san sauran abin da aka zuba a ciki. Ga mai ciki, cusa irin waɗannan abubuwa zai iya kai ƙwayar cuta har bakin mahaifa. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Magungunan da ke raunana garkuwar jiki. Ƙwayoyin sitiroid irin su deksametason da firedinisolon, waɗanda wasu mata ke sha domin su yi ƙiba, suna rage garkuwar jiki, suna kuma tayar da sukarin jini. Wasu mayukan ƙara hasken fata da mayukan ƙaiƙayi da ake cewa suna aiki uku a lokaci guda, su ma akwai sitiroid a cikinsu. Sukan lafar da ƙaiƙayi na kwana biyu, sannan ya dawo fiye da da. Wadda likita ya ɗora a kan sitiroid saboda asma ko wata cuta kada ta daina da kanta, sai dai ta sanar da masu awo.

Cutar ƙanjamau. Kandida mai yawan dawowa ko mai ƙin jin magani, musamman idan har da farin abu a baki da maƙogwaro, tana iya zama alamar garkuwar jiki ta yi rauni. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake yi wa kowace mai ciki gwajin ƙanjamau a wurin awo. Idan an gano da wuri, akwai maganin da ke kare lafiyar uwa, ya kuma hana jariri ɗauka.

Damshi da zafi. Ɗan kamfai na nailan, da matsattsen wando a ƙarƙashin zane, da zama da jiƙaƙƙen kamfai bayan tsarki, duk suna riƙe zufa da damshi, musamman a lokacin bazara. Ko ba su ne suka kawo cutar ba, suna ƙara raɗaɗi da ƙaiƙayi, suna kuma jinkirta warkewa.

MAGANAR BANƊAKI DA KISHIYA DA MAIGIDA

Mutane da yawa sun yarda cewa a masai ake ɗaukar wannan cuta. Wannan fahimta ta sha haddasa rigima a gidajen da ake tarayya a banɗaki ɗaya, inda wannan ke zargin waccan da ƙazanta, ko uwargida ta ce amarya ce ta shigo da ita. Gaskiyar magana ita ce, kandidar da ke damun mace kusan kullum daga jikinta take, ba daga masai ko buta ba. Tsaftar banɗaki tana da muhimmanci domin kauce wa gudawa da kwalara da tsutsar ciki, amma wanke shi sau goma a rana ba zai hana mai ciki kamuwa da kandida ba.

Haka kuma likitoci ba sa lissafa kandida cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Budurwar da ba ta taɓa aure ba ma tana iya kamuwa. Saboda haka samun ta ba hujja ba ne na zargin miji ko mata da wani abu. Maigida ba ya bukatar magani sai idan shi ma yana jin ƙaiƙayi ko ya ga ja a kan gabansa. Idan haka ta faru, sai ya zo a duba shi, a kuma gwada masa suga.

CUTUTTUKAN DA KE KAMA DA ITA

Dalilin da ya sa muke nanata a zo asibiti shi ne, akwai wasu cututtukan da ke kawo ruwa da ƙaiƙayi waɗanda suka fi kandida haɗari ga ciki.

Akwai wadda ke kawo ruwa mai tsarwa, launin toka-toka, mai ƙarni kamar na kifi, wanda ke ƙaruwa bayan saduwa. Akwai kuma wadda ake kira tirikomonas, mai kawo ruwa rawaya ko kore-kore mai kumfa da wari, wadda ita ta saduwa ake ɗaukar ta. Duk biyun an danganta su da fashewar faya kafin lokaci da haihuwar bakwaini. Sannan ga ainihin ciwon sanyi, wato gonoriya, wanda mace za ta iya ɗauke da shi ba tare da ta ga wata alama ba, amma ya shiga idon jariri lokacin haihuwa har ya makantar da shi idan ba a yi magani ba. Cututtukan saduwa irin su tirikomonas da gonoriya dole a yi wa miji magani, haka ma sauran matansa idan yana da su, in ba haka ba cutar za ta yi ta zagayawa a gidan.

Maganin kandida ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan, su ma nasu ba ya warkar da ita. Kuma mace ɗaya tana iya samun biyu a lokaci guda.

ABIN DA ZA A YI MIKI A ASIBITI

Ungozoma ko likita za su yi miki tambayoyi, su duba wurin a keɓe. Kina da damar neman mace ta duba ki, ko a sa ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ke. Idan da bukata, za a ɗebi ɗan ruwan da wani tsinke mai auduga a kai, a tura ɗakin gwaje-gwaje. Abin ba ya ɗaukar minti biyu, kuma ba ya taɓa jariri. Kada ki wanke ciki ko ki sa wani magani kafin ki zo, domin hakan yana ɓata sakamakon gwaji. Ki zo da kwalin duk maganin da kika riga kika yi amfani da shi, na asibiti ne ko na gargajiya.

Maganin da ake ba mai ciki shi ne na cusawa a gaba da na shafawa a waje, irin su kulotirimazol, wanda aka fi sani da Canesten, ko mikonazol. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu ke shiga jini, kuma an daɗe ana amfani da su ga masu ciki. Ana sa ƙwayar ne da dare lokacin kwanciya, bayan an wanke hannu, a tura ta a hankali da yatsa. Mai ciki tana bukatar kwanaki fiye da wadda ba ta da ciki, galibi dare 7. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan masu ciki ya nuna cewa maganin kwana 4 yana warkar da abin da ya ɗara rabi kaɗan, amma na kwana 7 yana warkar da fiye da 90 cikin 100. Saboda haka ko ƙaiƙayi ya tsaya a rana ta biyu, ki cika kwanakin da aka rubuta miki.

Akwai ƙwayar sha mai suna fulukonazol, wadda ake sayarwa da sunan Diflucan da wasu sunaye. Takan yi aiki ga wadda ba ta da ciki, shi ya sa masu kemis ke saurin bayar da ita. Amma ba a ba mai ciki shawarar shan ta. A shekarar 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa shan ta da yawa na tsawon lokaci a watanni ukun farko zai iya jawo naƙasa ga jariri. A 2016 kuma wani babban bincike da aka yi a ƙasar Denmak ya gano cewa ɓari ya fi yawa a tsakanin matan da suka sha ta da ciki. Wadda ta riga ta sha guda ɗaya kafin ta san tana da ciki kada hankalinta ya tashi, domin yawancin irin waɗannan mata suna haihuwa lafiya, amma ta sanar da likita. Duk lokacin da za ki sayi magani, ki fara da cewa kina da ciki, ko da na wata ɗaya ne.

Yayin da ake magani ya fi kyau a dakata da saduwa har sai wurin ya warke. Masu amfani da kwaroron roba su sani cewa man da ke cikin waɗannan magunguna yana iya raunana robar.

SHIN TANA CUTAR DA JARIRI?

Wannan ita ce tambayar da iyaye mata suka fi yi. A mafi yawan lokuta kandida tana tsayawa ne a gaba, ba ta isa ga jaririn da ke cikin mahaifa, kuma ba ta hana mace haihuwa da kanta. Sai dai jariri yana iya ɗaukar ta lokacin da yake fitowa. Bayan 'yan kwanaki sai a ga farin abu ya manne a harshensa da cikin kumatunsa, kamar guntun nono amma ba ya goguwa, ko kuma a ga ƙuraje ja a wurin nafkin. Kada a kankare bakin da tsumma, kada kuma a shafa masa zuma, domin zuma tana da haɗari ga jaririn da bai kai shekara 1 ba. A kawo shi asibiti, akwai maganin ɗigawa a baki. Idan kan nonon uwa yana zafi ko ya yi ja, a duba su tare, a kuma ci gaba da shayarwa.

HANYOYIN KARIYA

1. Ki yi tsarki da ruwa mai tsafta kawai, a waje, daga gaba zuwa baya.
2. Ki tsane jiki da ƙyalle mai tsafta kafin ki mayar da kamfai.
3. Ki riƙa sa kamfai na auduga mai yalwa, ki canza idan ya jiƙe, ki shanya shi a rana ya bushe sarai.
4. Ki guji sabulu mai ƙamshi da hoda da turare a wurin.
5. Kada ki sha antibayotik ko maganin ƙiba ba da umarnin likita ba.
6. Idan kina da ciwon suga, ki kiyaye abinci da magani yadda aka tsara miki.
7. Ki fara awo tun cikin makonni 12 na farko. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

ALAMOMIN DA BA A JIRAN RANAR AWO

A garzayo asibiti nan take, ko dare ko rana, idan aka ga jini, ko ruwa mai tsarwa yana zuba yana jiƙa zane, domin wataƙila faya ce ta fashe. Haka kuma idan akwai zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko ruwa mai ɗoyi, ko gyambo da ƙuraje masu ruwa a gaba, ko motsin jariri ya ragu. Idan kuma an gama magani ƙaiƙayi bai tafi ba, ko ya dawo cikin wata biyu, a sake zuwa domin a yi ƙarin gwaji.

KIRA GA MAGIDANTA DA IYAYE

Maigida, idan iyalinka ta yi ƙarfin halin gaya maka wannan matsala, ka sani ta daɗe tana fama kafin ta buɗe baki. Abin da take bukata shi ne izinin zuwa asibiti, da kuɗin mota da na gwaji, da kuma haƙurinka na kwanakin magani. Zuwa kemis ka yi bayani a madadinta a haɗo maka magani ba taimako ba ne, domin wanda bai duba ta ba ba zai san abin da ke damun ta ba. Iyaye da surukai da yayye kuma, mun san kyakkyawar niyya ce ke sa ku kawo jiƙo da matsi, amma ga mai ciki a bari tukuna a ji ta bakin asibiti.

Ke kuma 'yar'uwa, ma'aikatan ɗakin awo sun saba jin wannan koke a kullum, kuma sirrinki amana ne a wurinsu. Ki faɗi abin da kike ji dalla-dalla: launin ruwan, da warinsa, da ranar da ya fara, da abin da kika sha ko kika sa. Da wannan bayani ne za a gane wace cuta ce, a ba ki maganin da ya dace da ke da abin da ke cikinki.

Allah Ya raba lafiya.